Tafiyar Kaka Zuwa Sae Sabuwa

Na Allah ne mu, can kuma za mu koma gaba ɗayanmu. Na faɗi haka da bakina ranar da Kaka ya cika, na sake faɗa wa duk wanda ya shigo gidanmu a Gangara yi mana gaisuwa. Yau kwana ashirin da uku. Sau uku ina fara rubutun nan ina yagewa.

Kaka mahaifin innata ne. Mai hoto ne. Ya yi shekara talatin da 'yan kai a Fatakwal, can kurmin Najeriya, kuma hayaƙin garin ne ya cinye masa ƙirji. A jikina ya jingina ya rasu, da hantsi, kaji na ta tono a tsakar gida kamar ba abin da ke faruwa. Ban taɓa ganin mutuwa ba sai ranar. Abin da ya sa ta ƙi sakina shi ne ina da 'ya mai shekara uku, a Fatakwal aka haife ta, kuma tana tari. Babanta yana can yana jiranmu. Ranar da aka kai Kaka makwancinsa ban sani ba ko za a ce in goya ta mu koma. Duk zaman makokin mutane na ce mini ya haƙuri, ni kuwa wannan ne a raina. Gara in faɗa tun yanzu.

Na ɗauka kuka za a yi ta yi. An yi kam, amma abin da ban zata ba shi ne hotuna. Mata suka dinga shigowa, daga Gazawa, daga Agye, har da wasu tsofaffi biyu daga Gidan Rumji, kowace da ɗan hotonta ƙunshe a leda cikin haɓar zane. Wannan ta ce ɗanta ne, wannan ta ce mijinta ne, Allah ya jiƙansa, shi ke nan abin da ya rage mata na kamanninsa. Suna miƙa wa Iya, matar Kaka, tana dubawa tana mayar musu. Rana ta biyu wata maƙwabciyarmu ta leƙa hoton da ke hannun wata baƙuwa, ta sake leƙawa, ta ce:

"Baiwar Allah, wannan ai rigar ɗana ce a jikin naki."

"Rigar ɗanki kamar yaya? Shadda ce, shi ya ɗinka abinshi."

"To fiddo, in fiddo."

Aka jera su a tabarma. Bakwai aka samu a zama ɗaya. Farar riga ce mai aiki a wuya, aljihunta na hagu da faci. Ta matse wani kamar za ta yage, wani kuma tana jan ƙasa. Bayansu duka gidan bene ɗaya, itacen kwakwa ɗaya, sama shuɗiya tas. Baƙuwar ta riƙe haɓa ta ce, "Shekara goma sha biyar ina gaya wa mutane yaron nan ya yi arziki!" Sai dariya ta kufce wa wata, ta toshe baki da mayafi, ta kama ta kusa da ita, nan da nan ɗakin makoki ya ɗauka. Iya ba ta yi dariya ba. Ta sa yatsa a kan aljihun ta ce, "Facin nan ni na yi shi."

A zaure kuma, Kawu ne ya ba mu labari, liman ya ce, "Shekara ashirin ina ce mishi ya bar sana'ar nan, shina ce mini to, Malam. Da zan tahi Makka wa ya ɗauke ni hoto? Shi. Har da ce mini in gyara rawani, wai ya karkace." Akwai kuma wani dattijon Bafulatani da ya zo da sandarsa daga rugar da ke arewa da gari. Bai shiga cikin mutane ba, bai ci abin sadaka ba. Ya zauna gindin bedi har la'asar, da zai tafi ya ce wa Kawu, "Babanka ya gaya mini gaskiya." Kawu bai gane ba. Ni na gane, zan kuma zo kansa.

Wanda bai zauna Fatakwal ba ba zai fahimci rigar nan ba. Ni na yi shekara huɗu. Ki share ɗaki da safe, ki rufe taga, ki toshe ƙasan ƙofa da tsumma, kafin azahar in kika shafa hannu a kan akwati zai fito kamar kin shafi gindin tukunya. Wani baƙin gari ne mai laushi kamar kunkunniyar madafa, daga sama yake saukowa, ba ya ƙara. Yana cikin ruwan sha, yana cikin hancin jariri, yana kan tuwo in kika bar shi a buɗe. In kika yi kaki, baƙi. Wasu na cewa masana'antu ne, wasu na cewa masu dafa ɗanyen mai ne can cikin fadamu, wasu na cewa tayoyin da ake ƙonawa ne. Kaka ya ce shi huhunsa bai taɓa tambayar daga ina ba.

To mutanenmu da ke can, masu shayi, masu gadi, masu tura ruwa, masu gyaran takalmi, kowa na so ya aiko gida da abin da zai kwantar wa uwarsa da hankali. Nan Kaka ya shigo. Rumfarsa na bayan wata tashar manyan motoci. Kayan aikinsa su ne kyamara, da labulen nan mai gidan bene da wani mai fenti ya zana masa, da bokiti, da soso, da sabulu. Ba ya ɗaukar mutum sai ya wanke shi. Da gaske nake. Ƙato mai gemu zai durƙusa, Kaka na cuɗa masa bayan kunne yana cewa, "Uwarka za ta gani hwa, kai ba ka da kunya?" Sannan ya kwance rigar daga cikin leda uku, ya zura masa, ya ce kada ya jingina da komai, kada ya taɓa aljihu. Ƙyas. Ya tuɓe abinsa ya mayar leda. Rigar ba ta taɓa yin minti biyar a waje ba, shi ya sa ta shekara ashirin tana fara a garin da farar kaza ke komawa toka-toka.

Ni ma da ita aka kama ni. Ina aji uku a kwaleji Kaka ya zo ganin gida da hotunan da zai raba wa masu su. A ciki akwai na wani saurayi ɗan Sae Sabuwa mai teburin shayi, wanda ke kwana a rumfarsa. Na daɗe ina kallo. Kaka ya fizge ya ce, "Madam, mi kike nema nan? Ga mijinki zaune gabanki." Madam yake ce mini tun ranar da aka sa ni lakol, makarantar boko, wai ni zan koya masa rubuta sunansa da boko, har ya rasu kuwa bai zauna ya koya ba. Bayan shekara biyu aka ɗaura auren. Ni na so, har yanzu kuma ina so. Da na isa can na ga angon nawa a bakin tukunyar shayi, singileti ta yi baƙi ƙirin, na ce wa Kaka, "Ka cuce ni. Ina rigar?"

Ya ce, "Rigar aro ce. Mijin ne naki."

Akwai halayensa da nake tsoron a manta. Ba ya gaisawa da mutum sai ya gyara masa zama. "Matso nan, rana na bayanka, ban ganin kowa sai inuwa." Har maigari ya taɓa tayarwa daga kan kujerarsa, maigarin kuma ya tashi. Ba ya zama wuri sai ya shafa da yatsa ya duba, ko bayan ya dawo Gangara inda ba abin da zai gani sai rairayi. Hankici biyu yake riƙewa, fari na goge idon kyamara, ɗayan kuma na tari, wanda ba ya bari kowa ya ga cikinsa. In ana yabon wani da kyau sai ya ce, "Ku bari in gan shi da safe." Ya tsani mutum ya ƙifta ido. Shi kansa ba shi da hoto sai na katin shaida, wanda wani ya ɗauka, duk sanda ya fiddo shi kuwa sai ya yi tsaki ya ce, "Dubi aikin banza."

Yanzu maganar dattijon Bafulatani. Shekarata ta farko a can wani saurayi ya sauka a rumfar Kaka, ɗan dattijon ne. Dogo, Hausarsa ba ta nuna ba. Hoton wani abokinsa ya gani a kasuwar Gangara, ya bar shanun babansa ya taho. Ya samu aiki wurin masu ƙona tayoyi. Bai cika wata takwas ba ya kwanta. Kaka ne ya yi jinyarsa, ni ke dama masa kunu, Kaka ne kuma ya tsaya aka rufe shi. Sannan ya kulle rumfa ya hau mota kwana biyu, ya kawo wa uban sandar mamacin da hotonsa. Ba danginmu ba ne, ba wanda ya aike shi.

Da ya dawo ya yi kwana uku bai ɗauki hoto ba. Ranar da na kai masa abinci ya ce in zauna. Ya ce uban ya daɗe yana kallon hoton, amma ba ɗan yake kallo ba, bayansa yake kallo. Can ya ce, "Wannan sama, can ne? Yaron ya ce mini can ruwa bai ƙarewa, ciyawa bai ƙarewa. Ya ce in ya zauna, ya zo ya kai nagge."

"Da na ce mishi e, da ya samu abin riƙewa," in ji Kaka. "Sai na ce mishi labule ne. Fenti ne. Na ce can ba a ganin sama. Madam, ni na kira yaron nan."

"Ba kai ba ne, Kaka. Ajali ne."

"Ajali ne. Amma ni na wanke mishi hanya da sabulu."

Washegari ya naɗe labulen. Daga nan ya fara ɗaukar abin da ba wanda ya taɓa biyan mai hoto ya ɗauka. Tafin ƙafar yara. Ruwan da aka wanke fuska da shi a farin kwano. Hankicin da ya shanya da safe ya ɗauke da azahar. Rana tsaka, wadda za ki kalla ido buɗe, kamar tsohon faranti mai tsatsa. Da sassafe sai ya hau wata gadar ƙafa, yana hutawa a kowace matakala biyar, ya ɗauki garin lokacin da baƙin ke kwance a kan rufin gidaje. Ya liƙa su a jikin rumfa, daidai inda gidan benen yake a da. Wasu kuma ya ba wani direba ya kawo su gida, a nuna wa samari ranar kasuwar Gazawa.

Wannan ne ya jawo rigimar. Ina wurin. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci mutanenmu suka cika rumfar, har da maigidana. Babban masu gadi, sa'an Kaka ne, tare suka zo garin, shi ya fara:

"Kai tsoho, tsufa ne ko hauka? Kana so matanmu su san cikin tukunya muke kwana?"

"Ba cikinta kuke kwana ba?"

"To sai ka yi talla? Da wanne za mu ji, da hayaƙi ko da gori in mun je gida?"

Maigidana, wanda bai taɓa ɗaga wa Kaka murya ba, ya ce, "Kaka, abincinmu nan yake. In kowa ya gudu, gero daga sama zai zubo?"

Kaka ya ce, "Ban ce kowa ya gudu ba. Na ce wanda zai zo ya san inda zai zo. Mai son riga, ga riga nan, ban hana ba. Amma in na ɗauke ka da ita sai na ɗauki tafin hannunka kafin wanka, su tahi gida cikin ambulan ɗaya."

Suka watse suna tsaki. Dama wayar salula ta cinye masa rabin ciniki, wannan ya cinye sauran. Suka sa masa suna mai hoton datti. Abokin nasa, babban masu gadin, ya daina zama rumfar, in ya zo wucewa sai ya tsallaka titi. Kaka bai cire ko hoto ɗaya ba.

Ni ma ban fi su ba. Ranar da yarinyata ta fara tsayuwa na yi mata wanka, na shafa mata hoda, na sa mata rigar salla na kai ta, a ɗauka in aika wa innata. Ya ce in ajiye ta ta yi wasa a ƙasa, in dawo da azahar. Na gane nufinsa, na sungumi abata na tafi, na yi mako ban gaishe shi ba. Ni da na yi lakol. Na san huhu, na zana shi a allo da alli mai launi har malami ya sa aka tafa mini. Amma ban so innata ta gani.

Bayan nan ƙirji ya hana shi hawa gadar, sannan ya hana shi tsayuwa, Kawu ya je ya taho da shi. Likita a Maradi ya ce abin ya yi nisa, sai dai maganin sauƙi. Ya yi shekara biyu a gindin bedin ƙofar gidanmu yana gyara wa masu wucewa tsayuwa.

Bana, bayan an yanke gero, aka kira ni aka ce in zo in gan shi. Na taho da yarinyar. A can ba ta iya ƙetare tsakar gida da gudu sai ta tsaya ta dafa gwiwa kamar tsohuwa. Nan ba mu yi wata ɗaya ba ta fara bin awaki. Kaka ne ya riga ni lura. "Madam, kin ji?" Na ce ban ji komai ba. Ya ce, "Shi nake nufi. Tun safe ba ta yi ba." Tarin bai tafi duka ba, amma ya ja baya.

Da muka yi wata biyu maigidana ya fara kira. Sannan surukina, babansa, ya aiko daga Sae Sabuwa ta bakin wani mai sayen hatsi: gaisuwa ta isa haka, matar aure ce, ta shirya kafin wata ya mutu. Ba mugun mutum ba ne, amma in ya faɗi magana ba ya sake ta. Innata ta ce aure ne. Kawu ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da surukarsa. Ni kuwa da wane baki zan mayar wa suruki magana? Na je bayan rumbu na yi kukana, ina ganin ba wanda ya ji. Da na dawo Kaka ya ce a kira masa Kawu.

"A shirya amalanke gobe. Zan tahi Sae Sabuwa."

"Baba, kai da ba ka iya zuwa masallaci?"

"Masallaci Allah ya yi mini uzuri. Wanga bai yi mini ba."

"A kira surukin nata a waya mana."

"Abin da zan kai mishi bai bin waya."

Kawu ya juya wajen Iya, ko za ta hana. Iya ta tashi ta fara dama fura a gora. Ni kuma na ce ko in ɗauko akwatin hotunan, a nuna masa na gadar, da na tafin ƙafa. Kaka ya ce, "Bar su. Hoto ana iya cewa an gyara. Ni na koya musu haka."

Aka shimfiɗa katifa a amalanken jaki har bakin kwalta, daga nan muka shiga mota, ni da yarinyar da Kawu da shi. A Agye direba ya tsaya ya ce mu sauka, fasinja na tsoron tsohon zai mutu a hanya. Kaka ya tara iska, ya ce, "Direba, ja. In na mutu a motarka ka samu ladan ɗaukar gawa. Mi ka rasa?" Mota ta ɗauki dariya, wata mata ta matsa ta ba shi gefen taga. Ni ban yi dariya ba. Hannunsa na cikin nawa, sanyi ƙalau, faratansa sun yi shuɗi. A Maradi muka sake wata motar, ba mu isa ba sai gab da la'asar.

Surukina ya fito zaure, ya ga Kawu da wani bawan Allah sun tallabo Kaka, ya yi tsaye kamar an dasa shi. Aka jingina Kaka da bango. Ni na shige na zauna bayan zana, kusa da ƙofar cikin gida, inda nake jin komai. Da aka gama gaisuwa Kaka ya ce:

"Malam, ba magana na zo yi ba, ban da iskar magana. Matso."

"Ga ni, Baba."

"Ƙara matsowa. To yi shiru."

Sai zauren ya yi tsit. Na saba jin numfashin Kaka, amma kullum cikin hayaniyar gida ne, da tabarya da kukan yara. Ban taɓa jin sa shi kaɗai ba. Kamar ana jan zarto a ɗanyen itace, in ya kai ƙarshe sai wani siririn fito, sannan ya tsaya, ki ce shi ke nan, sai ya sake jawowa. Surukina ya ce, "Sannu, Baba." Kaka ya ce, "Shiru na ce." Aka ci gaba. Wallahi ya kai a dafa shayi a sauke. Ta ramin zana na ga surukina ya sunkuyar da kai, ya daina jan carbi.

Can Kaka ya ce a kawo yarinya. Ya sa ta ruga daga zaure zuwa rumbu ta dawo, sau biyu, wai akwai alewa. Ta dawo tana dariya. Ya ce wa surukina ya sa kunne a bayanta. Ya sa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Irin ciwona ne, yana ƙarami. Ni sai da na yi gemu na shiga garin can. Ita a ciki aka yanke mata cibi."

"Baba, amma mace da mijinta..."

"Na sani. Ni na haɗa su, ban zo rabawa ba. Na zo ka ji ne. Ka ji, shi ke nan. A ba ni ruwa."

Surukina bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya yanka mana kaza, washegari ya raka mu tasha, muka dawo.

Kwana tara Kaka ya yi bayan nan. Bai sake fita ƙofar gida ba. Rana ta tara na ɗaga shi zan ba shi kunu, ya jingina da ni, ya jawo, ya tsaya, na jira ya sake jawowa. Ina ta jira har Iya ta zo ta zare shi daga jikina. Har yau in yarinyata na wasa ta yi shiru, sai in bar abin da nake yi in je in tsaya kanta.

Da aka dawo daga maƙabarta Kawu ya shigo ya ce, "Tahiyar nan ce ta ƙarasa shi." Ba ni ya ambata ba, amma ni ya kalla. Iya ta ce, "Shekara biyu ciwo ke zaɓa mishi inda zai zauna da inda zai kwanta. Rana ɗaya ya zaɓa da kanshi. Ku bar mishi ita." Kawu bai sake tayar da maganar ba. Ni dai na riƙe ta Iya, amma ta Kawu ma ba ta fita daga raina ba.

Surukina bai zo ranar farko ba, bai zo sadakar uku ba. Na ce shi ke nan, ya yi fushi, na fara ninke kayan yarinyar ina kwancewa. Sai ranar bakwai ya iso. Da ya gama da maza ya ce a kira ni, na durƙusa a bakin zaure.

"Ɗiyata, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya, Baba."

"Na yi kiwo, na san dabba in ciwo ya kai mata huhu. Ban san ana jin haka ga ɗan mutum mai shekara uku ba. Yarinya ba ta komawa. Na gaya ma babanta, na ce maganata ce, ba taki ba. Ki zauna da ita, nan ko wurinmu, inda kika so."

Sannan ya ce, "Shi ma na ce ya dawo. Ya ce in ya dawo mi za a ci. Ban samu abin ce mishi ba."

Ya tashi ya karkaɗe riga. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Ina so duk wanda ya san Kaka ya san wannan. Bai yi lakol ba, bai yi sarauta ba, bai bar gona mai yawa ba. Shekara da shekaru ya kwantar wa uwaye da hankali da abin da ba haka yake ba, kuma da kyakkyawar niyya ya yi. Ranar da ya ga abin da hakan ya haifar, bai nemi uzuri ba. Ya yarda ya rasa ciniki, ya rasa abokin da suka zo gari tare, ya jure sunan da aka sa masa. Da iskar kwana goma ta rage masa, ya ɗauke ta ya kai wa wata 'yar yarinya da ba za ta ma tuna fuskarsa ba. Ni jikarsa ce. Ina faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, har da wanda bai tambaya ba.

Jiya da hantsi maigidana ya kira. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi yarinyar, na ce tana waje, na ɗaga wayar ya ji ihunta. Ya ce babban masu gadin nan ya zo teburinsa ya zauna ya yi kuka, ya ce a roƙa masa Iya gafara. Yana cikin magana ya kau da baki ya yi tari, sau biyu, ya ce mura ce. Na ce ya ba ni labarin unguwa. Ya ce wane labari? Na ce kowanne, ka dai yi ta magana. Ya yi ta yi, wa ya yi aure, wa ya tashi, wa ya buɗe sabon shago. Ban riƙe ko ɗaya ba. Tsakanin kalma da kalma nake saurara.

Allah ka jiƙan Kaka, ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka ba shi iska mai sanyi ya shaƙa har ya ƙoshi. Waɗanda suka rage a can kuma, Allah ka dawo mana da su da ƙafafunsu.